Za mu kai yara Legas yawon buɗe ido, amma tsoron shiga bas ya hana ni barci

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya haƙuri da mu? Allah ya ƙara basira.

Ni matar aure ce a Kano, shekaruna 36, 'ya'yana uku. Maigidana ya daɗe yana yi wa yara alkawarin zai kai su Legas su ga teku, to bana Allah ya nufa, an tsayar da hutun Disamba. Gidan ƙaninsa za mu sauka a Agege. Da motarmu za mu tafi, amma ya ce da mun isa zai kulle ta ya ajiye, don ba zai yi tuƙi a garin da bai san hanyoyinsa ba, kuma kuɗin tasi kullum ba ƙaramin abu ba ne. Ya ce manyan bas ɗin nan na BRT za mu riƙa hawa, da sabon jirgin ƙasan nan na cikin gari. Yara sai murna suke, babbar har ta rubuta wuraren da take so a je. Ni kuwa tun ranar da aka yi maganar gabana ke faɗuwa.

Ga dalili. Wata rana a shekarun baya na shiga bas daga Kantin Kwari zan koma gida. Ana tsananin zafi, an cusa mu kamar kaya, ni ce a can ƙuryar baya, gilashin gefena kuma ba ya zugewa. Muka faɗa gosulo. Kawai sai na ji ƙirjina na dukan uku-uku, numfashi ya ƙi kai mini ciki, yatsuna suka yi sanyi, gumi ya karyo mini. Wallahi na sallama mutuwa zan yi. Na ce wa kwandasta ya sauke ni, ya ce, “Hajiya yi haƙuri mu fita daga nan.” Da na samu na sauka na zauna a bakin wani shago, ba a jima ba komai ya wuce kamar ba a yi ba. Na je asibiti aka auna jinina aka ce lafiya ƙalau.

Tun daga ranar ban sake taka bas ba. Adaidaita sahu nake hawa, shi ma shata nake ɗauka. A motar maigida kuwa babu abin da nake ji, ko Abuja za mu je.

Shi bai san da wannan ba, kunya nake ji kada ya ce shagwaɓa ce. Yayata da na gaya wa cewa ta yi iska ce, a yi mini ruƙiyya. Wata ƙawata kuma ta ce in karɓi ƙwayar barci a kemis in riƙa shan rabi kafin mu fita. Ga labaran 'yan wan-cans, ɓarayin nan na cikin motar haya, da nake gani a Facebook. Babban tsorona kada abin ya taso mini a gaban yara, in rikice, autana mai shekara biyar ya ɓace a tasha. Har na fara tunanin in ce ba ni da lafiya, su tafi su bar ni. Anti, ya zan yi?

Maman Auta, Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Ciwon ƙaryar nan ki ajiye shi gefe. In kika zauna a gida bana, baɗi ma wani dalilin za ki nemo, kuma wuraren da kike iya zuwa raguwa za su yi ta yi. Da bas ne kawai, yanzu ya kai ga adaidaita sai shata. Kin ga inda abin ya dosa.

Akwai magana ɗaya a wasiƙarki da na tsaya a kanta: kin ce a motar maigida ko Abuja za ku je ba kya jin komai. Ashe ke nan ba tafiya kike tsoro ba, ba gudu ba, ba haɗari ba. Abin da jikinki ya tsana shi ne wurin da in kin ce a tsaya ba za a tsaya ba. Da kin gane haka, shirin tafiyar zai zo miki da sauƙi, domin abubuwan hawan Legas ba ɗaya suke ba ta wannan fuskar.

Abin da kika siffanta ya yi kama da farmakin firgici, kuma mutane da yawa na fama da shi a ɓoye. Jiki ne ke zaton akwai haɗari, sai ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya koma sama-sama. Saurin numfashin nan shi ke fitar da iskar kabon fiye da ƙima, daga nan sai jiri da sanyin yatsu, mutum ya ji kamar iska ba ta isarsa alhali yawa ma ta yi masa. Yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti 10, sannan ya fara sauka da kansa, ko an fita daga motar ko ba a fita ba. Kamar jiniyar mota ce da ke ɓarkewa da kuka don akuya ta goga jikinta. Matsalar ita ce, ranar nan ya sauka ne daidai lokacin da kika zauna a bakin shago, sai ƙwaƙwalwarki ta rubuta cewa saukar ce ta cece ki. Kowace shata da kika ɗauka tun daga nan ƙara tabbatar mata da haka take yi.

Duk da haka ba zan yanke miki hukunci daga nan ba. Awon jini kaɗai bai isa ba. Ki koma wurin likita kafin tafiyar, ki ba shi labarin nan tiryan-tiryan yadda kika ba ni, a duba ƙarancin jini, da sukari, da zuciya, da tayirod, wato ƙullun nan na maƙogwaro, domin duk suna iya kawo bugun zuciya. In an ga lafiya lau, ki nemi a haɗa ki da masanin halayyar ɗan'adam. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ƙwayar kemis kuwa, a'a. Irin su diyazefam suna kashe jiki, suna da saurin sabo, kuma uwa mai gyangyaɗi a tashar Oshodi da yaro ɗan shekara biyar ta fi uwa mai faɗuwar gaba haɗari. Yayarki ba zan yi musu da ita a kan addu'a ba. Ki yi azkar ɗinki, ki karanta addu'ar hawa abin hawa, ki kuma je asibitin.

Sai maigida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ƙanwata. Mutumin nan ya tsara tafiya ne a kan abin da ya sani, kuma lissafinsa na kuɗin tasi gaskiya ne. Ki same shi bayan yara sun kwanta, kada ki fara da “ba zan iya ba”. Ki ce masa kina so ki je, ga abin da ya taɓa samun ki, ga taimakon da kike nema. Ki faɗa masa aikinsa dalla-dalla, don mazanmu in ba a ba su aiki ba, ko dai su ce “ba komai ba ne”, ko su rikice su tara miki jama'a ana yi miki fifita. Ku yi wata alama tsakaninku, ko matsa hannu sau biyu. Da ya ga alamar, yara sun koma hannunsa gaba ɗaya, ba tambaya, ba “mene ne, mene ne”. Ke kuma numfashinki kawai za ki kula da shi.

Yanzu Legas ɗin. Da jirgin Blue Line za ki fara, ba da bas ba. Tun watan Satumban 2023 yake ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2, tafiyar kilomita 13 da tashoshi biyar, kuma a sarari yake, ba ƙarƙashin ƙasa ba. Ba ruwansa da gosulo, tsakanin tasha da tasha mintoci kaɗan ne, ƙofa kuma dole ta buɗe a kowace. Daga Marina zuwa tashar National Theatre gaɓa ɗaya ce, a kan gada yake bi ta saman ruwa, yara za su manne da taga suna kallon jiragen ruwa. Wannan gaɓa ɗayar ita ce aikinki na ranar farko. Ku je Marina a tasi ranar, a kashe kuɗin, bai ɓaci ba. Kuma kusa da nan akwai abin kallo da ba ya buƙatar doguwar tafiya: gidan tarihi na Onikan, inda aka ajiye motar da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, da ramukan harsasai a jikinta. Ɗan Kano bai kamata ya je Legas bai tsaya gabanta ba. Ga dandalin Tafawa Balewa inda aka yi bikin samun 'yancin kai a 1960, ga Freedom Park wanda da kurkukun Turawa ne.

Akwai kuma jirgin Red Line da ke da tasha a Agege ɗin da za ku sauka, yana bi ta Ikeja da Oshodi da Yaba har Oyingbo. Shi ba kowane lokaci yake tashi ba, don haka ƙanin maigida ya dubo muku jadawalinsa. Ya kuma sayo muku katin Cowry ya zuba kuɗi tun kafin ku iso. Da shi ake biyan jirgin da BRT, ya rage muku tsayuwa a layi.

BRT ba zan yi miki ƙarya a kansa ba. Yana da layinsa daban a manyan hanyoyi, wanda ke rage gosulo, amma lokacin tafiya aiki da tashi daga aiki cika yake maƙil har da na tsaye, kuma direba ba ya buɗe ƙofa sai a tasha. Da safe duk gari tsibirin Legas, inda Marina take, yake nufa, da yamma ya juyo, a Disamba kuma abin ya fi ƙamari. Ku bar gida bayan ƙarfe 10, ku kamo hanyar dawowa kafin la'asar. Ki zauna kusa da ƙofa, ta gefen hanyar wucewa. Ranar zuwa bakin teku ta wajen Lekki, jirgi bai kai can ba, a ɗauki tasi. Danfo, wato ƙananan bas ɗin nan masu ruwan ɗorawa, ki bar wa 'yan gari abinsu. Ba na ganin dalilin da zai sa ki gwada shi a wannan zuwan.

In abin ya taso a cikin jirgi, ga yadda za ki yi. Kada ki yi ta zuƙar iska da ƙarfi. Ja ta hanci a hankali kina ƙirga huɗu, ki fitar ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura shayi. Fitarwar ita ce mai muhimmanci. Ki kafa ƙafafunki a ƙasa, ki kurɓi ruwan sanyi, ki ɗaga ido ki kalli waje maimakon sauraron ƙirjinki. Ki ce wa kanki zuwa tasha ta gaba kawai. In ƙofa ta buɗe kika ji da ɗan dama, ƙara tasha ɗaya. In kuma kin sauka, babu laifi, amma kada a kira tasi nan take. Ki zauna a benci har ya lafa, ku hau na bayansa. Wannan komawar ita ce maganin. Kafin fita ki karya kumallo, ki sa hijabi mara nauyi, ki rage shayi mai kauri da Nescafé da goro, don su ma suna sa zuciya gudu.

Kada kuma ki jira sai Legas. Daga makon nan ki daina shata, ki hau adaidaita da wasu fasinjoji. In kin saba, ki ja yayarki ku shiga bas da hantsi, kujerar bakin ƙofa, tafiya 'yar gajeriya. Ki yi ta maimaitawa har abin ya gundure ki, sannan ki ƙara nisa, sannan ki matsa kujerar tsakiya. Gabanki zai faɗi, kuma haka ake so; tsoron da ba a bari ya zo ya wuce ba, ba ya koyon wucewa.

Wan-cans kuwa tsoro ne na gaskiya, ba irin na farko ba, kuma maganinsa ƙa'ida ce ba numfashi ba. Ɓarayi ne da ke shigar direba da fasinjoji, su ɗauki mutum a bakin titi, galibi da asuba ko da dare. Kada ku tare mota a hanya komai arharta, a tasha kaɗai za ku hau, tasi kuma ta manhaja, a duba lambar motar ta dace da ta waya kafin a shiga.

Batun ɓatan yaro ma shiri yake so. Kowane yaro a sa masa takarda a aljihu da lambar babansa da ta ƙanin baban. Ki ɗauke su hoto kowace safiya da kayan da ke jikinsu. Wajen shiga jirgi ko bas, ke ce gaba, yara a tsakiya, maigida a ƙarshe riƙe da hannun auta. Ku koya musu cewa wanda aka bari a tasha ya tsaya cak inda yake, wanda jirgi ya tafi da shi ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya wurin ma'aikaci mai kayan sarki. Lambobin agajin gaggawa a Legas 112 ne da 767, ku sa su a waya. Babbar 'yarki kuma ki gaya mata gaskiya a taƙaice: Mama wani lokaci cunkoso na sa ta jiri, yana wucewa da kansa, in ta ga kin yi shiru ta kama hannun ƙanwarta ko ƙaninta ta matsa kusa da Abbansu.

Taki,
Anti