Tambaya da Amsa: Ko Ɓauren Jeji Yana Ciwuwa Duk da Ƙwarin Cikinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Akwai wani ɓaure a bayan gidanmu da yara ke tsintar 'ya'yansa suna ci, amma duk wanda na tsaga sai in tarar da ƙananan ƙwari a ciki, shi ya sa na hana su. Shin yana da illa? Kuma shi ne ɓauren da aka ambata a Suratut Tin? Daga wata mai karatu a Gwale, Kano.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ɓauren ƙasarmu, wanda masana tsirrai ke kira Ficus sycomorus, abinci ne da kakanninmu suka ci, kuma ƙwarin da kika gani ba alamar ruɓewa ba ne, domin in babu su ɓauren ba zai yi irin da za a samu wani ya tsiro ba.

Dalilin shi ne ɓaure yana ɓoye furensa a cikin abin da muke kira ɗansa, shi ya sa ba ki taɓa ganin bishiyar ta yi huda ba. Idan kika duba ƙasan ɗanyen ɓaure za ki ga wata 'yar ƙofa kamar bakin allura; ta nan macen wani ƙwaro, dangin zanzaro amma bai kai ƙwayar gero ba, take kutsawa da ƙyar har fukafukanta su karye, ta shiga da garin furen da ta ɗauko daga wani ɓauren, ta yi ƙwai, ta mutu a ciki. 'Ya'yanta maza ba su da fukafukai, aikinsu kawai su yi barbara su huda wa matan hanyar fita, su kuma matan su tashi neman wani ɓauren kafin wannan ya gama nuna. Ƙwaron ba ya harbi, ba shi da dafi.

Abin da ya fi damuna shi ne tsintar na ƙasa. Wanda ya faɗo ya kwana, tururuwa da tsutsar ƙuda sun riga yara, ga kashin jemagu da tsuntsayen da ke kwana a kan bishiyar suna cin 'ya'yan. Ki sa a tsinko wanda ya yi ja-ja ya yi laushi, a wanke, a tsaga biyu, a kakkaɓe cikin, sannan a ci. In ya yi yawa a shanya shi a faifai ya bushe, zaƙinsa ya fi fitowa, kuma yana daɗewa. Ɗanye kuwa a bar shi, saboda farin ruwan da ke tsatsowa daga gindinsa yana da danƙo, yana sa wa wasu ƙaiƙayi a leɓe da fata. Ganyen ma ba a banza yake ba, masu kiwo sun san darajarsa ga awaki da rani.

Game da Suratut Tin, masu fassara suna cewa ɓaure, kuma dangi ɗaya ne, amma tin na ƙasashen Larabawa da gaɓar Bahar Rum shi ne Ficus carica, wanda ya fi namu tsoka da zaƙi. Shi ne busasshen da ake sayarwa a kantuna, kuma Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen nomansa. Dangin nan yana da jinsuna fiye da 800, ciki har da cediya da durumi da gamji. Mu Kanawa muna da Cediyar 'Yan Gurasa da Durumin Iya, unguwannin da suka ci sunan itatuwan nan.

Roƙona ɗaya, in bishiyar ba ta kusa da katanga ko rijiya, kada a sare ta. In kuwa tana kusa, a kula da saiwoyin, domin suna bin danshi har su tsaga gini.