Lambar P0135 ta fito a motata, sai na sauya sansa?

Malam, ka ce Corolla ɗinka da kake jigila da ita tsakanin Ringim da Kano ta kunna fitilar injin, an sa mata kwamfuta ta nuna P0135, kuma ta fara shan mai.

Wannan lamba tana nufin hitar da ke cikin sansar iskar oksijin ta gaba, wadda ke jikin salansa kusa da injin, ba ta aiki yadda ya kamata. Sansar, wadda ke auna oksijin a hayaƙi don a daidaita man da injin ke sha, ba ta karatu daidai sai hitar ta sa ta yi zafi, shi ya sa man ke tafiya, musamman da sanyin safiya.

Kada ka yi saurin saye. Fara da duba fiyus, sannan ka bi wayar da hannunka har soket. Tawa motar a gindin rumbu take kwana, da muka leƙa sai ga ɓera ya gwaguye wayar, jan ƙarfen a waje. Wani lokacin kuma wayar ce ke kwanciya a kan salansa ta narke.

Cire kan batir yana kashe fitilar ne kawai, za ta dawo. Wanke sansar da fetur ma ba ya tayar da hitar da ta ƙone. Don Allah kada ka bari a cire maka indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi a cikinsa, da sunan gyara.

In fiyus da waya lafiya suke, kai ta wurin mai gyaran wayar mota ya auna hitar da mita. In ta mutu, ka tafi Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota a Kano, da tsohuwar sansar a hannu, a duba lambarta da soket ɗinta kafin ka biya.