Muryar da aka tura a gurup ɗin 'yan Sidni ta Ostireliya kan tallafin kuɗin haya

Salamu alaikum jama'a. Ƙanina da ya tambaya ina ake samun fom ɗin neman tallafin haya tunda an fara ba shi JobSeeker, kuɗin da gwamnati ke ba mai neman aiki, to ka daina yawon neman fom, babu shi. Tallafin hayar, wato Rent Assistance, ba a nemansa daban, ɗora shi ake yi a kan kuɗin da Centrelink, ofishin biyan tallafin gwamnati, ke ba ka duk sati biyu. Ka shiga myGov, shafin gwamnati na intanet, ka je wajen bayanin masauki, ka sa adireshinka da abin da kake biya da ranar da ka tare. Su za su yi lissafi.

Amma ni na san ba fom ne damuwarka ba. Damuwarka ita ce ɗakin da kake ciki ba sunanka a takardar hayarsa, ko ƙarya na yi? Ai duk haka muka fara. Idan kana da yarjejeniya daga ejan da sunanka a ciki, hotonta kawai za ka ɗauka ka tura. In babu, za su aiko maka da wata takarda, Rent Certificate, ka cike, wanda kake ba kuɗin hayar ya sa hannu. To nan ake yin ta.

Lokacin da na zo, wani ɗan'uwanmu ya ba ni ɗaki wajen unguwar Lakemba, ba zan kama suna ba, waɗanda suka daɗe sun san shi. Duk Juma'a kuɗi a hannu, ba rasit, ba komai. Ranar da na kawo masa takardar nan sai ya ɓata rai, wai so nake in tona masa asiri, wai mai gidan bai san ya saka mutum ba. Na ce Alhaji, sa hannu ne fa kawai. Ya ce ai zumunci ya fi takarda. Zumunci! Amma ranar biya bai taɓa cewa zumunci ya fi dala ba. Mutumin nan har kuɗin wuta sai ya raba biyu daidai, alhali shi da iyalinsa su biyar ne, ni kuwa daga wayata sai fanka. Kuma har yau in mun haɗu a masallaci shi ke fara miƙo hannu, yana ce wa mutane shi ya riƙe ni. Allah ya kyauta. To, a bar wannan.

Abin da nake so ka gane, kada ka ƙara biyan haya a hannu. Ta banki, ka rubuta "rent" a jiki, ko da wanka ne uwa ɗaya uba ɗaya.

Sannan kada ka sa rai za su biya maka hayar duka. Akwai wani adadi na farko da ba ruwansu da shi, ga gwauro marar yara wajen dala 150 ne a sati biyu. Abin da ya haura wannan, kowace dala su ba ka santi 75, har a kai iyakar da suka yanka, dala 200 da 'yan kai. Misali kana biyan 400, a cire 150, saura 250, ka samu kamar 187. A'a, tsaya, wannan lissafin na wanda ke zaune shi kaɗai ne. Kai da kuke haɗa kicin da banɗaki da wasu, kashi biyu cikin uku na iyakar can shi ne maƙurarka, wato 140 da ɗan wani abu. Alƙaluman suna ɗan motsawa duk 20 ga Maris da 20 ga Satumba. An ma yi ƙari babba, kashi 15 cikin ɗari a 2023, kashi 10 a 2024, amma hayar Sidni ta lashe shi kafin a ji ɗuminsa.

Ka kula, nan ƙasar da sati ake faɗin haya, su kuma sati biyu suke biya. Ka duba da kyau wanne ka zaɓa lokacin cikewa. Kuma in ka tashi, ko an ƙara maka haya ko an rage, kwana 14 gare ka ka sanar da su. Ka yi shiru, abin da suka biya ka fiye da ƙima bashi ne, kuma ba sa mantawa.

Masu bizar karatu da masu bizar aiki ta wucin gadi, don Allah kada ku biyo ni a gefe, wannan bai shafe ku ba, sai mai karɓar kuɗin Centrelink. Ko mai zaman dindindin ma, JobSeeker sai ya jira har shekara 4, in ba ɗan gudun hijira ba ne. Wanda ke gidan gwamnati kuma ba shi da wannan, an riga an sassauta masa.

Kai dai ƙanina, yau ɗin nan ka tambayi wanda ya ba ka ɗakin ko zai sa hannu. In ya fara kawo maka zancen zumunci, ka fara cigiyar wani ɗakin.