Wane firam ya dace da keken da zai shiga ko'ina?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa keken dutse da kanka, kana neman firam guda, wato gangar jikin keken, da zai iya hawa da gangara, ya kuma jure hanyoyin ƙauye.

Irin wannan firam yakan zo da sifirin baya mai lotsawar milimita 140 zuwa 160, wuyansa kuma, wato inda kan keke yake haɗuwa da firam, a kwance kaɗan, wajen digiri 65, domin kada ya kifar da kai a gangara. Sai dai mu a Maradi yashi da ƙaya sun fi duwatsu yawa, kuma ƙurar hunturu tana shiga mahaɗan sifirin baya ta cinye boris ɗinsu. A ganina, wanda yawonsa bai wuce bakin Gulbi da hanyar Madarunfa ba, firam marar sifirin baya mai ɗaukar faffaɗar taya mai tsayin inci 29 ya fi masa, don taya mai faɗi ba ta nutsewa cikin rairayi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen firam kafin a duba ma'auninsa. Yawancin sababbi suna buƙatar cibiyar tayar baya mai faɗin milimita 148, wadda ta tsohon keke ba za ta zauna ba, don haka ka tabbatar kayan suna samuwa, ko da daga Kano ne.

Idan na hannu ne, ka sa gogaggen makanike ya haska wuraren walda, musamman wuya. Alminiyon da ya tsage ba aikin mai waldar bakin titi ba ne, ƙarfe kuwa yana gyaruwa.