Dokina na ta yar da takalmi tun da ruwa ya zauna

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina da ingarma ɗan Sudan da nake buga ƙwallon dawaki da shi a Zariya. Tun da damina ta kankama takalmin ƙafarsa ta gaba yake ta fita, na baya-bayan nan har ya ɓalle gefen kofato. Mai buga mana takalmi ya ce laka ce ke tsotse shi, zai ƙara ƙusoshi masu kauri su kai goma. Yaron barga kuma yana shafa wa kofaton baƙin mai. Hankalina ya tashi, ina tsoron kada dokin ya gurgunce.

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, kafin komai ka dakatar da mai ƙusoshin nan, kada ya sake ɗaga guduma a kan dokinka.

Takalmin da ya zauna daidai, da wuya laka ta cire shi ita kaɗai. Abin da take yi shi ne ta riƙe ƙafar gaba ta makara wajen tashi, sai ƙafar baya ta iso ta taka wutsiyar takalmin, ta fizge shi. Shi ya sa na gaba ne ke fita. Ga kuma jiƙa da bushewa: da safe kofato ya sha ruwa ya kumbura, da rana ya bushe ya tsuke, kan ƙusar da aka lanƙwasa ya saki.

To, mu zo kan ƙarin ƙusa, don wannan maganar na gaji da jin ta. Kowace damina sai an kira ni a kan dokin da aka yi wa haka. Kofaton da ya jiƙa ya yi taushi, kowace ƙusa kuwa rami ce. Ka jera ramuka goma kusa da juna, ya zama kamar takardar rasit da aka huda don a yage. Ranar da ƙafar baya ta taka takalmin zai fita dai, amma wannan karon da bangon kofato zai tafi. Kofato kuwa milimita 6 zuwa 10 yake tsirowa a wata, kafin sabo ya sauko daga sama har ƙasa sai an yi wata 9 zuwa shekara. Ka ga kakar wasa ta wuce ka ke nan. Ƙusa 6, in ta yi yawa 7, siririya ta takalmin doki, ta wadatar, kuma ba a buga ta bayan wurin da kofato ya fi faɗi, domin dunduniya buɗewa take yi duk lokacin da doki ya taka. Har da masu ɗauko ƙusar kafinta, wallahi. Ƙusa mai kauri tana matse naman ciki ko ta soke shi, ƙafa ta yi ruwa, doki ya kasa takawa. In ba a yi sa'a ba tetanas ya shiga ta nan, kuma doki na cikin dabbobin da wannan ciwo ya fi saurin kashewa. Mutum ya ga maigidansa na bugawa shekara biyu, ya sayi guduma da zarto, shi ke nan ya zama gwani, ba mai tambayarsa inda ya koya. Idan ba a yi wa dokinka rigakafin tetanas ba, a yi a makon nan.

Baƙin mai kuma a bar wa janareta. Dattin inji ne, yana ƙona fatar da ke saman kofato inda sabo ke tsirowa, kuma ba ya ƙara wa ƙusa riƙo.

Abin yi: a riƙa gyara kofato duk mako 4 zuwa 5 da damina, kada a bar bakinsa na gaba ya yi tsawo, don tsawon ne ke ƙara makarar da ƙafa. Takalmi ya zama daidai ƙafa, wutsiyarsa kada ta zarce dunduniya sosai, a kuma sa mai ɗan kunne da ke kama bangon kofato, yana rage wa ƙusa aiki. Ka sayi robar nan mai siffar ƙararrawa da ake sa wa ƙafar gaba, wadda za ta sauko ta rufe wutsiyar takalmin. A riƙa cire ta ana wankewa, laka na taruwa a ciki ta goge fata.

Turkensa ma a duba. A cike shi da marmara da yashi ya ɗaga, a yi wa ruwa da fitsari hanya. Yaron barga ya riƙa sakace ƙasan kofato safe da yamma, ya shafa hannu a kan ƙusoshi, in ya ji ɗaya ta taso a kira mai gyara ran nan. In ya ji wari ko ya ga baƙin ruwa a tsagin tsakiyar ƙasan kofato, ruɓa ce ta fara, a wanke a sa aidin.

Tunda gefen ya riga ya ɓalle, da ni ne sai in cire takalman duka, a datse kofato a goge bakinsa da zarto, ya yi Agusta da Satumba ba takalmi, ana zagayawa da shi a kan ƙasa mai laushi kawai. In ruwa ya ɗauke a duba ko bangon ya yi ƙwarin da zai riƙe ƙusa.