Tambaya da Amsa: Yaranmu a ƙasa suke zama, wa za mu kama?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni uwa ce kuma ina cikin kwamitin iyaye na firamaren unguwarmu, wallahi abin ya ishe mu, iska ta yaye kwanon aji biyu tun daminar bara, yara a ƙasa suke zama, banɗaki ma babu, kullum hedimasta sai ya ce shi ma ya rubuta sama har yanzu shiru. Ga shi a rediyo muna jin an ware wa ilimi biliyoyi. To ina kuɗin suke shiga ne, mu talakawa wa za mu kama?

Maman Ummi

AMSA: Wa alaikumussalam Maman Ummi, Allah ya saka muku da alheri da kuka damu. Hedimasta dai ku sarara masa, kuɗin gini ba sa biyowa ta hannunsa.

Ga yadda abin yake. Dokar ilimin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ta ce ilimin shekara tara, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, sannan ta ce gwamnatin tarayya ta riƙa ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarta ta hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, a Abuja. Amma fa akwai sharaɗi, jiha ba za ta taɓa kuɗin gine-ginen nan ba sai ta ajiye nata kason daidai da na tarayya, kuma hukumar ilimin bai-ɗaya ta jihar, wato SUBEB, ta kai jerin ayyukan da za ta yi, to a nan gizo ke saƙar, shi ya sa za ki ji biliyoyi sun yi shekaru kwance a Abuja jihohi ba su je sun ɗauka ba alhali yara na karatu a gindin bishiya. Wannan abin yana ci min rai ƙwarai. Don haka ku fara da tambaya biyu: jiharmu ta biya kasonta? Kuma sunan makarantarmu yana cikin jerin SUBEB?

Adadin da kike ji a rediyo kuwa alkawari ne a takarda. Ko Kano da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024 ta kuma ware kusan kashi 30 na kasafinta, abin a yaba ne, amma abin dubawa shi ne nawa aka saki. Jihohi da dama suna sa rahoton yadda suka kashe kasafi a intanet duk bayan wata uku, ki sa wani ɗalibin jami'a a unguwa ya buɗe muku a waya.

Wanda za ku kama shi ne ɗan majalisar jiha na mazaɓarku, ba na Abuja ba, kuma ku je tun kafin ƙarshen shekara lokacin da gwamna ke kai kasafi majalisa, kwamitin ilimi yana kiran ma'aikatu su kare abin da suka nema. In aka riga aka sa hannu sai dai ku jira baɗi. Don Allah kar ku je ɗaya-ɗaya gidansa da sassafe, kuɗin mota zai ba ku magana ta mutu a ƙofar gida. Ku haɗu da 'yan SBMC (kwamitin al'umma mai kula da makaranta), mai unguwa da liman, ku rubuta takarda da hotunan ajin da yawan ɗalibai, kowa ya sa hannu ko ya dangwala, ɗaya ga ɗan majalisa, ɗaya ga sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, ɗaya SUBEB, a buga muku hatimin karɓa a kwafinku ku adana.

In sun yi kunnen uwar shegu, akwai dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, in kun rubuta kuna neman bayani, kwana bakwai ta ba hukuma ta amsa. Akwai kuma shirye-shiryen rediyo na kiran waya, 'yan siyasa suna jin zafinsu sosai, ku kira ku karanta ranar da aka karɓi takardarku.