Ɗaki a Ƙauyen Ingila: Wa Ake Kai wa Gaisuwa?

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, ina taya ka murnar samun gurbin digiri na biyu a Jami'ar Cranfield, Allah ya sa albarka. Ka ce ka ga ɗaki mai sauƙin haya a wani ƙauye kusa da jami'ar, kana so ka ji ko ka kama, ko mutanen wurin suna karɓar baƙo irinmu, da kuma wanda ake kai wa gaisuwa in an sauka, tunda Baba ya ce ba a zama gari ba a gaida mai gari ba.

Ka gaya wa Baba nan babu dagaci, babu mai unguwa. Abin da suke da shi majalisar ƙauye ce, wadda dokar 1894 ta kafa, kuma irinta sun kai kusan 10,000 a Ingila. Kansilolin galibi ba a biyansu ko sisi. A ƙauyen da nake, nan gundumar Bedford, akwai tsohuwar malamar makaranta, da manomi, da mai gyaran famfo, sauran kuwa 'yan fansho ne. Sakatariya kaɗai ke karɓar albashi, ita ma aikin 'yan sa'o'i ne a mako. Ana zaɓe duk shekara huɗu, amma sau da yawa 'yan takara ba sa cike kujerun, sai a koma ana roƙon mutane su shigo. Kai da ka saba ganin yadda ake kashe kuɗi a kan kujerar kansila a gida, wannan zai ba ka dariya.

Ƙarfinsu kaɗan ne. Titi, kwasar shara, makarantu da izinin gini duk suna hannun babbar majalisa, wato ta Central Bedfordshire a yankin Cranfield. Ta ƙauye tana kula da filin wasan yara, maƙabarta, rumfar jiran bas, yankan ciyawa, da 'yan filayen da ake ba mutane haya su shuka kayan miya. Kuɗinta wani ɗan kaso ne da ake ɗorawa a kan harajin gida. Wannan harajin kai ba za ka biya ba muddin kana cikakken ɗalibi, amma sai ka karɓo takardar shaida daga jami'a ka tura, in ba haka ba takardar biya za ta zo maka.

Suna zama sau ɗaya a wata da daddare a zauren taron ƙauye, kowa na iya shiga, kuma akan ware 'yan mintuna don jama'a su yi magana. Ina ba ka shawara ka je tun watanka na farko. Za ka ji ana ta kai-komo a kan kashin kare a hanyar makaranta, ramukan titi, shingen wane da ya toshe hanyar ƙafa, da direbobin da ke wuce mil 30 a awa a tsakiyar gari. Akwai ma 'yan sa-kai da ke tsayawa bakin titi da rigar lemo da na'urar auna gudu, suna rubuta lambar mota su tura wa 'yan sanda. Wani lokaci rai kan ɓaci sosai: a Fabrairun 2021 bidiyon taron majalisar Handforth, wani gari a arewa maso yammacin Ingila, ya zagaya duniya saboda yadda dattawa suka yi ta yi wa juna ihu.

Maganar da ta fi cika zauren ita ce ta sababbin gidaje. Duk lokacin da kamfani ya nemi izinin gini a gonakin gefen gari, sai ka ga kujeru sun kasa. Su ce likita ɗaya ne, makaranta ta cika, magudanar ruwa ba za ta ɗauka ba, titin ya yi ƙanƙanta. Yanzu ga filin shaƙatawa na Universal, kamfanin fina-finan Amurka, da aka sanar a 2025 za a gina kudu da Bedford, ga kuma layin dogon da ake shirin haɗa Oxford da Cambridge da shi, kowa na lissafin motocin da za su bi ta ƙofar gidansa. Ni dai ina ganin rabin kukansu gaskiya ne, rabi kuma son kai. Mutanen da ke ƙin ginin su ne kuma ke kukan 'ya'yansu sun kasa sayen gida a garin da aka haife su. Majalisar ƙauye ra'ayi kawai take bayarwa, hukunci na sama ne, shi ya sa ake yawan fita da fushi.

Me ya kai baƙo wannan zama? A nan ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofarka da kwanon abinci don ka sauka. Za su yi maka murmushi, su ce yau akwai sanyi, su wuce, shekara ta zagayo a haka. Ba lallai ƙiyayya ba ce, kunyar shiga sabgar mutum ce ta yi musu yawa. Wariya akwai ta, ba zan ɓoye maka ba: akwai mai kallon da ba ka so, akwai yaron da zai yi ihu daga mota. Amma wanda aka gani yana tsintar shara tare da su ranar Asabar, ko yana jera kujeru a bikin bazara, ko ya tsaya shiru da su a gindin dutsen tunawa da sojoji a watan Nuwamba, wannan ya fita daga "wancan ɗalibin" ya zama mai suna. Daga nan ake samun mai rage maka hanya da mai ba ka aron keke. Majalisarsu ta hira mashaya ce, wannan kam ba taka ba ce, sauran wuraren sun ishe ka.

Kuma ka sani kana da ƙuri'a. Ɗan Nijeriya, Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana iya rajista ya yi zaɓe saboda ƙungiyar Kwamanwel, ɗan Nijar kuwa ba shi da wannan damar. Tsayawa takara sai wanda ya samu takardar zama ta dindindin. Tun 2023 ana nuna shaida mai hoto a rumfar zaɓe, fasfonka ya isa.

Batun ɗakin kuwa, kada arha ta ruɗe ka. Kafin ka sa hannu ka duba bas: ƙarfe nawa ta ƙarshe take wucewa, kuma tana zuwa ranar Lahadi? Ƙauyuka da yawa ba ta zuwa. A Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4, titunan ƙauye babu fitila babu gefen tafiya. Lasisin tuƙinka na gida wata 12 kawai zai yi maka, ba a musanya shi, sai ka yi jarrabawar tuƙi daga farko. Ka tambayi mai gidan da me ake ɗumama ɗaki, don wasu gidajen ba su da gas, mai suke saye a tanki, kuma ka ji ko kuɗin yana cikin haya. Naman halal da kayan miyarmu sai Bedford ko Milton Keynes. In ƙauyen ba ya kan hanyar bas ɗin jami'a, gara ka ƙara kuɗi ka zauna cikin Cranfield.

Turo min sunan ƙauyen da hoton takardar hayar in duba maka kafin ka tura kuɗin ajiya. A gaida mutanen gida.